Dubiyar da ta kusa kashe ni

Ke da yaranki ke shiga fadamar shinkafa ba takalmi, ki zauna ki karanta. Shekara arba'in ban buɗe baki a kan ciwon nan ba, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Zamanin mulkin soja ne, ina goyon ɗana na biyu. Na je ƙauyen Garou taya mahaifiyata dashe, na taka tsohon lauje. Inna ta damtsi taɓo ta liƙe wurin, yadda kowa ke yi.

Kwana takwas, muƙamuƙina ya ƙi buɗuwa. Ko cokali ba ya shiga.

Dangi suka cika ɗakina a Malanville, sun zo dubiya. Kowa ya rafka sallama, ya kama hannuna. Da an taɓa ni sai bayana ya lanƙwashe, numfashi ya tsaya. Ina ji, ina gani, ba bakin cewa ku bari.

Gwaggona ta ce, "Iskan gulbi na, ku ƙara matsa mata jiki."

Mijina ya sayar da kekensa, ya kai ni asibitin Kandi. Allurar farko dala dubu biyu, wato jaka goma ta sefa.

Likita ya ce sarƙe-haƙora ne, dafinsa ya shiga ta raunin laujen. Ina kwance na ji yana faɗa wa mijina: "Cikin ƙashin baya akwai jijiyoyin da ke sa tsoka ta saki, kamar birki. Dafin ya tsinke birkin. Ƙara, haske, taɓi, duk wanda ya same ta zai koma fizga. Fizga ɗaya tana iya shaƙe ta."

Aka sa ni ɗaki mai duhu, kunu ta roba a hanci. Har takun mutum na koma jin tsoronsa.

Inna ta iso. "Ni na haihe ta. Wa ka hana ni shiga?"

Mijina, da bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya tare ƙofa. "Inna, ki gahwarce ni. Har hannunki na iya kashe ta."

Mako uku tana zaune bakin ƙofar. Ta cire awarwaronta don kada su yi ƙara.

Na warke. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da mijina da masu jinyata.

Ku yi allurar rigakafi, ku bar ganganci. A gidana, ko ƙaya ta soki yaro, sabulu da ruwa, sannan asibiti a ranar. In likita ya hana dubiya, ni ke zama bakin ƙofa, kuma ba na jin kunyar kowa.