Rigar Tiyon Maigida

Shekara ashirin da tara ina gaya wa mijina yana minshari, shekara ashirin da tara yana ce min sharri nake masa. Mutum ne da ya yi aikin awon filaye har ya yi ritaya, saboda haka duk abin da bai auna da hannunsa ba, a wurinsa jita-jita ce. Maƙwabciyarmu a Barnawa, wata Hajiya mai sayar da lesuka, ta taɓa tare ni a bakin get ta ce, "Madam, don Allah ku kira mai gyara ya duba janaretan nan naku, kullum sai ya ɗauke sannan ya kama da ƙarfi." Na yi mata godiya, na ce za mu duba. A lokacin janaretanmu ya yi wata uku a wurin mai gyara.

Ɗaukewar nan da ta faɗa ita ce abin da ke tsorata ni. Yana cikin jan minshari sai ya yi tsit, ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga, har sai na zungure shi da gwiwar hannu ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ya ce ni ce na hana shi barci. A coci kuwa, fasto bai gama karanta aya ta biyu ba ya sunkuyar da kai, in an tashi ya ce bimbini yake yi.

Abin ya zo ƙarshe wata rana da azahar, muna dawowa daga Abuja. Daidai Kakau na ga motar tana karkata a hankali, na juya na ga maigida, direban nawa, yana bimbini. Kafin ihuna ya tashe shi mun sauka titi mun hau kunyar gonar wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ciwo sai masara. 'Yarmu ta fari ta zo a satin ta tasa shi gaba zuwa asibiti, aka kwantar da shi aka jona masa wayoyi. Washegari wani likita da bai kai 'yar tamu shekaru ba ya ce, "Baba, numfashinka na tsayawa idan kana barci."

Maigida ya gyaɗa kai ya ce, "Lallai, likita. Dama ni ma na fara zargin haka."

Na dai kalli silin.

Haka injin ya shigo gidanmu: ɗan akwati mai ƙaramin tankin ruwa, da tiyo mai tsawon mutum, da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci. Injin na tura iska ta tiyon don kada maƙogwaro ya rufe. Kuma ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sati biyu na farko ni ce na kasa barci, don shirun ya yi min yawa.

Sai damina ta yi nisa, gari ya yi sanyi, shi kuma maigida ba ya kwana sai da fanka a lamba ta ƙarshe. Iskar injin da ɗuminta take fitowa, in ta bi ta tiyo mai sanyi sai ta zama ruwa. Tiyon ya fara ƙugi kamar cikin mai yunwa, in ya juya kuma ruwan ya gangaro masa cikin hanci. Ga robar tana goga katakon gado, ga sanyinta a wuyansa. Wata safiya ya sanar a teburin shayi cewa ya daina amfani da injin, tunda dai ya warke.

Na kira 'yarmu. Ta ce, "Momi, riga ake sa wa tiyon, ta yadi mai laushi, don kada ya yi sanyi. Zan yi oda, amma zai kai sati uku kafin ya iso."

Sati uku da mutumin da ya riga ya sallami kansa daga jinya. Na ce ta bari, zan ɗinka.

Maigida ya sauke jarida. "Ke?"

Tambayar tana da ɗan dalili. Ina da keken ɗinki tun na aure, kuma na taɓa koyon ɗinki na wata shida a zumuntar mata, amma keken ya daɗe da zama teburin ajiye fulawar roba. Na sauke fulawar, na ɗiga masa mai, na taka, ya yi kuka ya tafi.

Da ya ga da gaske nake, sai ya ce awo ba aikin kowa ba ne. Ya ɗauko tef ɗinsa na ƙarfe, ya shimfiɗa tiyon a falo, ya durƙusa yana nishi, ya rubuta lambobi a takarda har da ja musu layi biyu. Na ɗauko ragowar wata atamfar anko da aka tilasta mana saya a bikin da ko shinkafarsa ban samu ba, na yanka daidai da awon ƙwararre, na ninka na ɗinke. Sai aka zo juyewa, don ɗinkin ya koma ciki. Wanda bai taɓa juya hanjin yadi mai tsawon ƙafa shida ba, kada ya ce ya san haƙuri. Na tura da yatsa, na tura da sandar mofa, na ja da haƙori. Shi yana kujera yana cewa, "Ki bi shi a hankali mana." Bayan awa guda ya juyu. Muka kawo tiyo, ko bakinsa ya ƙi shiga. Ƙwararren ya auna tsakiyar tiyon, ya manta bakunan biyu sun fi kauri, kuma bai bar wa ɗinki wuri ba.

"Yadin ne ya shige," in ji shi.

"Bai ga ruwa ba, Dadi."

"To kekenki ne."

Washegari na naɗe tiyon a leda zan tafi Makera wurin wani dattijon tela da ke mana ɗinkin Kirsimeti tun yaran suna firamare. Har na kai ƙofa maigida ya ce kada in kuskura in faɗa wa kowa na mene ne. Shi da unguwa ta yi shekaru tana sauraronsa kyauta, yanzu yake neman sirri.

Malam tela ya juya tiyon a hannunsa, ya leƙa ciki da ido ɗaya. "Madam, wannan na wankin mota ne?"

Na ce riga nake so a yi masa.

"Riga. Da wuya ko ba wuya? A yi aiki a gaba?"

Na yi dariya, sannan na faɗa masa gaskiya, tun daga minshari har gonar Kakau. Ina cikin bayanin ɗaukewar numfashin na ga ya daina murmushi. Ya ajiye tiyon a kan keke, ya ce yayansa haka yake. A wannan shagon suka yi aiki tare, yana cikin taka keke barci ya ɗauke shi, suna masa tsiya suna cewa malalaci. Wata safiya aka tashe shi sallah bai tashi ba. "Mun ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne," in ji shi. "Amma ban san abin yana da magani ba." Na ce Allah ya jiƙansa, ya ce amin. Keken maƙwabcinsa na ta tafiya.

Bai karɓi ɗinkin ba. Ya ce kayan amarya sun cika masa hannu, kuma aikin bai kai a bar shi a shago ba. Ya ce in rabu da atamfa, ba ta riƙe ɗumi, in nemi bargo mai laushi. In zagaya bakin tiyon da tef, in ƙara faɗin yatsu biyu. Kafin in ɗinke in kwantar da igiya a ciki in kama ta da ɗinki a baki ɗaya, in na gama in ja ta, yadin zai juye da kansa. Bakunan kuma in sa musu roba irin ta wando. Ni kuma na tuna gargaɗin da wata nas ta yi mana a asibiti, cewa kada komai ya rufe 'yan ramukan da ke jikin takunkumi, don ta nan numfashi ke fita, saboda haka rigar ba za ta kai can ba.

Bargo mai laushi ɗaya ne a gidan, na jikarmu da ta bari, ruwan hoda mai zanen agwagi. Na yanka. Na ɗinke, layin ya ɗan yi yawo amma ya isa inda za shi. Na ja igiya, abin ya juye cikin minti ɗaya, har na ji haushin awar da na ɓata jiya. Tiyo ya shige sumul.

Maigida ya daɗe yana kallon agwagin. "Babu wata kala?"

"Akwai. Tana zuwa nan da sati uku."

Ya sa takunkuminsa a daren. Da safe na girgiza tiyon, ko ɗigo babu. Na tambaye shi yaya barci, ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan lambar yabo ce.

Bayan kamar wata guda wani abokinsa, dattijon coci daga Trikania, ya kawo mana ziyara. Maigidan nan da ke ɓoye injin a wadirof in ya ji an taɓa get, sai ga shi ya ja baƙo har ɗakin kwana. Ina kicin ina jinsa yana bayani: yadda ya lura da matsalar sanyi, yadda ya yi nazari, yadda ya zaɓi bargo maimakon atamfa. "Madam ta taimaka da ɗinkin," in ji shi. Na ci gaba da yanka albasa.

Bayan kwana biyu matar abokin ta kira ni. Ta ce shekara goma sha biyu ke nan a falo take kwana saboda minsharin mijinta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don kada a ce aurensu ne ya samu matsala. Na ce ta bar zancen riga tukuna, ta fara kai shi asibiti, kuma ta tafi da ɗansu, don maganarta ita kaɗai ba za ta shiga ba. Sun je. Shi ma aka ba shi inji.

Ranar da ta zo da bargonta, na zaunar da ita ina mata darasi dalla-dalla, yatsu biyu, igiya, roba. Ta saurara cikin ladabi, sannan ta hau kekena ta gama cikin kwatan awa, ɗinki miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Ashe shekara takwas ta yi tana koyar da ɗinki kafin ta yi aure. Ta ɗaga tawa rigar ta bi layin da yatsa, ta ce, "Mama, in kina so in warware miki wannan in gyara."

Na karɓe abina na ce ta bar shi haka, shayinta na hucewa.