Yadda Ɗan'azumi Bawa Ya Koma Bencin Baya

Ɗan'azumi Bawa yana da shekara hamsin da takwas, kuma shi ne na biyu a cikin dattawan wata ƙaramar majami'a a Gidan Ƙosau, wani ƙauye da ke bayan Tudun Wada. Da damina yana noman masara, da rani yana gyaran injin ban ruwa. Daga bakin Tiga har gangaren Doguwa, injin da ya ƙi tashi a kan babur ake ɗauro shi a dire masa a ƙofar gida. Ba a taɓa kai ƙararsa gaban kowa ba. In ana suna a ƙauyen, ko an taru godiyar kaka, shi ake cewa ya buɗe taro da addu'a. Ba shi da mota, ba shi da shanu. Wannan kiran da ake yi masa shi ne abin da ya tara a duniya, kuma ya san da haka.

Majami'ar ginin ƙasa ce da aka shafe da siminti. Fasto Barnaba, mai kula da ita, yana da muryar da in ya yi gyaran murya a bagade, inda ake tsayawa wa'azi, awakin da ke kiwo a bayan taga sai sun ɗaga kai. Ba wanda ya taɓa kukan ba ya jin wa'azi. Amma bara wani ɗan ƙauyen da ke aiki a Kaduna ya aiko da kyauta: lasifika biyu, makirfo, janareto, da wani akwati mai maɓallai birjik wanda kowa ke kira inji. Kyauta kuwa ba a tambayarta me ta zo yi.

Mai haɗa kayan daga Kano ya zo. Ya bi da wayoyi ta jikin katakon rufi, ya kafe su da ƙusa, ya ajiye injin a kusurwar baya, gefen ƙofa. Ya ce mai riƙe da inji dole ya zauna inda zai ji abin da jama'a ke ji. Bai tambayi abin da ake yi da kusurwar ba, kuma ba wanda ya ga ya dace a gaya wa baƙo.

A kusurwar nan bencin horo yake. Duk wanda dattawa suka kama da laifi, ko na giya, ko na mata, ko na zuwa wurin boka, can ake tura shi. Zai zauna shi kaɗai ko da 'yan'uwansa masu laifi, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake raba wa masu bi, ba a ba shi addu'a, sai ranar da aka ga ya tuba aka kira shi gaba. Yaran ƙauyen tun kafin su iya karatu sun san ma'anar wannan benci.

Samarin da za su iya riƙe inji duk sun watse, wasu suna acaɓa a Abuja, wasu suna haƙar ma'adini a Riruwai. Sai dattawa suka dubi juna, suka dubi Ɗan'azumi. Babbansu, Dattijo Alasan, ya ce ai inji inji ne, wanda ya iya na ruwa ba zai kasa na magana ba. Ɗan'azumi ya karɓa da murna. Sai da Lahadi ta zo, ya ga inda zai ajiye jikinsa, sannan murnar ta koma ciki.

A kan bencin ya tarar da Habu, wani magidanci mai son burukutu, wanda ya daɗe a wurin har katakon ya yi sulɓi daidai mazauninsa. Habu ya matsa masa, ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Me aka kama ka da shi?"

Ɗan'azumi ya ce shi aiki ya kawo shi.

"Kowa haka yake cewa makon farko," in ji Habu. "Ni da na zo, cewa na yi iskar bakin ƙofa nake so."

Aikin kansa bai zo da sauƙi ba. Mutumin Kano ya koya masa a tsaye, ƙafa ɗaya a kan babur: in jar wuta ta kama, a rage, kada makirfo ya kalli lasifika, sauran kuma zai gane. Lahadin farko injin ya saki wata ƙara da ta sa jarirai kuka, tsofaffi suka toshe kunne. Ta biyu ya rage komai har Fasto ya gama wa'azi ba a san injin a kashe yake ba, aka kuma yaba da kyan sauti. A hankali ya gane halin kowa. Fasto sai ya bubbuga makirfo ya hura masa iska kamar mai tayar da garwashi. Dattijo Alasan riƙe shi yake a daidai cibiya, ya yi ta sanarwa, sannan ya harari baya don ba a jin sa. 'Yan zumuntar mata, ƙarƙashin shugabarsu Luba, in suka saki kiɗan tulu da caki, jar wuta ba ta mutuwa sai sun zauna. Ya ɗaura wa maɓallan zare kala-kala don ya bambance su: ja na Fasto, fari na sanarwa, baƙi na mata. Habu ma ya zama mai amfani, don shekarun da ya yi a baya sun sa ya san daidai inda Fasto zai ɗaga murya, sai ya taɓa Ɗan'azumi da gwiwar hannu kafin a kai wurin.

Kowa ya san an naɗa shi a kan inji, don an faɗa a sanarwa. Amma mutanen Gidan Ƙosau ba yara ba ne. Suka ce ruwa ba ya tsami banza. Talaka in ya yi laifi a ce horo, dattijo in ya yi a ce inji. Kuma ga shaidu a fili. Mutumin nan tun daga waƙar farko har addu'ar sa albarka ta ƙarshe kansa a sunkuye yake. Ranar jibin Ubangiji, mai raba gurasa ya zo daidai bencin baya ya juya kamar yadda ƙafarsa ta saba, Ɗan'azumi kuwa hannunsa biyu na kan baƙin zare yana kokawa da zumuntar mata, bai ko lura ba. Jama'a sun lura.

Abin da ya rage shi ne a san laifin. Wasu suka ce ya ci iyakar gona. Wasu suka ce an ga babur ɗinsa a inda bai kamata ba, ko da yake mai gyaran inji babur ɗinsa ko'ina yana zuwa. Matan zumunta suka je gaida matarsa Mariya, suka zauna shiru a kan tabarma kamar zaman makoki, da za su tashi Luba ta dafa ta ta ce namiji sai haƙuri. Ranar kasuwar Tudun Wada, Malam Tasi'u mai sayar da taki, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ja shi gefe ya ce shi ba ya shiga sha'anin addinin wani, amma ƙofar tuba a buɗe take ga kowa.

Sannan aka yi suna a gidan maƙwabcinsa, aka ba wani ya buɗe da addu'a. Ɗan'azumi yana zaune a wurin, da hularsa ta zuwa taro. Bai ci abincin ba.

Ya kai kuka wurin dattawa, ya roƙi a mayar da inji gaba. Dattijo Alasan ya ce wayoyi a kafe suke, ciro su sai an kira mutumin Kano, kiran mutumin Kano sai da izinin wanda ya ba da kyautar, neman izinin kuma sai an kafa kwamiti. Fasto Barnaba, wanda mutum ne mai tausayi, ya ce a bar masa, shi zai wanke shi a gaban jama'a.

Lahadi bayan wa'azi Fasto ya kira sunansa ya ce ya fito gaba. Ɗan'azumi ya tashi daga bencin baya, ya bi tsakiyar majami'a a hankali. Fasto ya ɗora masa hannu a kafaɗa. To, a majami'ar nan abu ɗaya ne ke sa a kira mutum daga wannan benci a dafa kafaɗarsa. Kafin Fasto ya buɗe baki, Luba ta buga tulu, mata suka ɗauki waƙar da ake yi wa tunkiyar da ta ɓata ta dawo garke. Jama'a suka yi layi suna ba shi hannu. Wata tsohuwa ta rungume shi tana hawaye. Mariya ta rufe fuska da gyale, aka ce kukan farin ciki take.

Fasto ya matsa gaba don ya tsayar da waƙar ya yi bayani, ya tsaya daidai bakin lasifika da makirfo a hannu. Injin ya kurma ihu. Ɗan'azumi, wanda yanzu hannunsa ya riga tunaninsa, ya ratsa layin masu gaisuwa a guje ya koma baya ya murɗe jan zare. Ƙarar ta mutu. Kowa ya waiwaya ya gan shi a kan bencin horo, kai a sunkuye.

"Ikon Allah," in ji tsohuwar da ta rungume shi. "Ko zama bai yi a gaba ba."

Habu ya sake matsa masa. Ya ce shi a tarihin bencin bai taɓa ganin wanda ya je ya dawo da wuri haka ba.

Ɗan'azumi ya yi mako guda a kan aikinsa. Yana kwance injinan mutane yana ɗaurawa, yana tunani irin na masu ban ruwa: in rijiya ba ta matsawa, bututu ake ja. A taron dattawa na gaba, daidai lokacin da kowa ya gaji yana duban ƙofa, ya ce bencin baya yana danne wayar janareto, wata rana zai jawo gobara. Dattijo Alasan ya ce ya yi yadda ya ga ya dace, a rufe da addu'a.

Lahadi da sassafe shi da Habu suka ɗauki bencin. Wuri ɗaya ne kawai a majami'ar da zai ɗauke shi: can gaba, gefen bagade, jere da bencin dattawa, yana fuskantar jama'a. Nan suka ajiye shi. Ɗan'azumi ya kawo kujerar roba daga gida ya kafa a gaban inji. Habu ya zo sujada da wankakkiyar riga, ya zauna a sabon wurinsa kafaɗa da kafaɗa da Dattijo Alasan. Wasu baƙi da suka zo daga wajen garin Ƙofa suka bi layin gaba suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, Habu ya amsa musu da kyau, har ya tambaye su mutanen gida.

Daga ranar hirar ƙauye ta bar baya ta koma gaba. Aka fara lissafin wane ne a cikin dattawan ya cancanci wane benci, aka kuma gano ba a rasa abin faɗa a kan kowannensu ba. Da aka yi suna a gidan Ishaya mai niƙa, aka ce Ɗan'azumi ya buɗe da addu'a. Luba ta bayyana wa na kusa da ita cewa addu'ar wanda ya faɗi sau biyu ya tashi ta fi saurin karɓuwa. Ya ji ta. Ya yi addu'arsa mai tsawo, ya ci tuwo har da ƙari.

Dattijo Alasan ya same shi ya ce a mayar da bencin inda yake, tun kafin mutane su kasa bambance dattijo da mashayi. Ɗan'azumi ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan sai an kafa kwamiti."

Ranar Asabar da ta wuce, bayan mata sun gama sharar majami'a, ya shigo da guduma. Ya jawo wayar lasifikar dama, ya bi da ita ta ƙarƙashin bencin horo, ya kafe ta da ƙusa a jikin kowace ƙafa, yadda duk mai son ɗaga bencin sai ya kira mutumin Kano. Sannan ya koma baya, ya kunna inji, ya gwada sauti.