Yaya Tana Farawa Daga Dama

Sana'ata kwashe kayan gida ce. Idan tsoho ya rasu a Greensboro, ko aka kai shi gidan kula da tsofaffi, 'ya'yansa sukan zo daga wata jiha da ɗan gajeren hutu, su ɗebi hotuna da abin da ransu ya so, sauran kuma su nemi mai kwashewa. Ni ne mai kwashewar. Kujeru, gadaje, tukwane, fitilu, injin yankan ciyawa, duk in loda a a-kori-kura in kai sito. Ɗaliban da ke haya a Glenwood su sayi tebur da katifa, masu kyan kuma in haɗa su a kwantena zuwa ƙasarmu. Da motar haya na fara, kuma tun a lokacin na kafa wa kaina doka cewa kayan sayarwa ba sa shiga gidana. Na ga dillalai da yawa da suka fara son kayansu, har gidajensu suka koma sito.

Sau ɗaya na karya dokar, a shekarar da Yaya ta zo.

Mu biyu Inna ta haifa a Jos, Yaya da ni, kuma ta girme ni sosai. Inna ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Takardar naɗewa kuwa wajen wani kuku take samu, wanda ke aiki a gidan wani Baturen haƙar kuza. Yakan kawo tsofaffin jaridu a ɗaure da igiya, kuma a tsakiyarsu akwai jaridun zane na 'ya'yan Baturen, waɗanda ake aiko musu daga Ingila. Takarda ce mai arha, ja da baƙi da ɗan shuɗi, kowane shafi an raba shi gida-gida, layi bisa layi, kowane gida da hotonsa. Mu takardar hoto muke ce mata.

Inna ba ta hana mu kallo ba, sharaɗinta kawai mu gama kafin la'asar, domin daga nan za ta yayyage shafukan. Ni ban shiga makaranta ba tukuna. Yaya kuwa allo kawai ta yi, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Amma ita ce mai karatun. Ta shimfiɗa shafi a tabarma, ta ɗora yatsa a kan gidan farko, ta fara ba da labari da muryoyi daban-daban, tana cusa wa Turawan nan Hausa a baki.

Akwai wani yaro mai gajeren wando da safa ɗaya a zame, wanda muka fi so. Akwai ubansa mai gashin baki da silifa a hannu, da ɗan sanda mai hula kamar tulu, da malami mai sanda. Akwai kuma wani tulin abinci fari da ake zanawa a faranti, da wasu abubuwa dogaye a soke a jikinsa. Yaya ta ce tuwon shinkafa ne da tsire, kuma ban taɓa shakka ba. A bakinta labarin yaron kusan iri ɗaya ne kullum. A layin ƙarshe uban ya kama shi ya dake shi da silifa, sai ya gane bai yi laifi ba, ya sake shi, yaro ya ruga da farantin tuwo yana dariya.

"Ka gani ko, Auta," takan ce. "Dukan yana fara zuwa, tuwon yana biyo baya."

Idan Inna ta riga mu yage shafi, nakan bi mai sayen ƙosai har bakin titi in jira ya gama ci, in roƙi takardar. Yaya ta goge man da gefen zaninta, ta ɗaga ta ga rana, ta karanta abin da ya rage. Kafin in iya Turancin kirki, Baturen ya koma ƙasarsu, kukun ya daina zuwa, Inna ta koma naɗewa da takardar siminti. Ban sake ganin takardar hoto ba. Amma lokacin da na zo ƙasar nan na sha wuyar shekarun farko, ina wanke-wanke a gidan abinci ina kwana a ɗakin wani, abin da nake faɗa wa kaina shi ne wannan layin ƙarshe. Ba hikima ba ce, abin da aka saba mini da shi ne tun ina ƙarami.

Yaya ta zo ne bayan ta fita takabar mijinta. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, sai na ce ta zo a yi mata aiki, ta kuma huta a wajenmu har ƙarshen damina. Aiki ya yi kyau. Hutun ne bai yi ba.

'Yata ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ta rage a gida, sunan Inna ta ci. Shekarunta goma a lokacin. Tun daga filin jirgi Yaya ta rungume ta tana cewa "Uwata, Uwata," yarinyar kuma ta amsa da Turanci, ta dube ni in fassara. Tana jin Hausa daidai gwargwado, amma ba ta mayarwa. Ta taɓa gwadawa a wani taron suna, manya suka yi mata dariya, daga nan ta rufe baki. Ni da mahaifiyarta muna fita aiki, sai a bar su biyu a gida lokacin hutun makaranta, ɗaya a falo da carbi, ɗaya a ɗaki da waya. Da na dawo sai in zauna a tsakaninsu ina tafinta. Gwaggo ta ce kaza, ita kuma ta ce kaza. Na ɗauka taimako nake yi.

Wata safiya Yaya ta tsare ni ina neman makullin mota.

"Auta, a matso mini da ranar tafiya. Ido ya buɗe, alhamdu lillahi. Me ya rage?"

"Yaya, ai ko rabin zaman ba ki yi ba."

"Gidanka akwai komai, magana ce babu. Na baro gidan da mai maganar ya rasu, na zo gidan da mai sunan uwata ba ta iya ce mini sannu sai da ɗan aike. A can ko maƙwabta ina da su."

Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen mako in kira masu jirgi. Na san idan ta tafi a haka ba za ta sake dawowa ba, yarinyar kuma za ta girma ta san cewa tana da wata gwaggo a hoto, shi ke nan.

Ranar Talatar makon aka kira ni wani gida a Sedgefield, bayan filin wasan golf. Mai gidan ɗan Ingila ne da ya zo aiki tun yana saurayi ya zauna har ya rasu. 'Yarsa ce ta zagaya da ni. A ɗakin karatu na buɗe wani kwali, na tarar da littattafai manya masu bango mai kauri. Na ɗaga ɗaya, sai ga gashin baki da silifa.

Matar ta ce mahaifinta yakan yi odarsu daga Ingila. Tsofaffin shafukan da ya karanta yana yaro ne ake sake bugawa a haɗa su littafi, don irinsa masu kewa. Ta tambaye ni ko na san su. Na ce mata na ci ƙosai a cikinsu, na kuma yi mata bayanin ƙosai. Ta yi murmushi ta tafi ta bar ni.

Na zauna a kujerar mamacin na karanta shafi guda, karo na farko a rayuwata da Turancinsa, daga hagu zuwa dama yadda aka koya mini a makaranta. Na kai layin ƙarshe. Yaro ya saci faranti yana gudu yana dariya, uban ya cafke shi, sannan a gidan ƙarshe silifa ta sauka. Na buɗe wani shafin, haka. Wani ma haka. Sai na ɗora yatsa a dama, na bi layin zuwa hagu kamar yadda ake bin allo, labarin Yaya ya fito tsaf. Ashe duk shekarun nan daga dama take farawa, domin ta haka kawai ta san ana karatu.

Na daɗe a kujerar nan kafin in tashi. Da na gama lodi na kai komai sito, kwalin kuma na ɗora shi a kujerar gaba na tafi da shi gida.

Abu ɗaya sana'a ta koya mini: akwai cinikin da ba ya faɗawa sai dillali ya matsa gefe. Ranar Asabar bayan azahar na ajiye littafi ɗaya a teburin falo, na ɗauko wata fitila da ta lalace da sukudireba, na zauna can kusa da ƙofa. Yarinyar tana kwance a doguwar kujera da wayarta.

Yaya ta jawo littafin, ta buɗe. Ta kai shi hanci ta shinshina.

"Wannan ba a naɗe komai da shi ba," ta ce. "A ina ka samo yaron nan? Har yanzu bai ja safarsa ba."

Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a dama, ta fara. Muryar uban ta dawo, mai kauri daga maƙogwaro, da ta ɗan sandan da ke magana ta hanci. Ban taɓa jin ta yi dogon zance haka ba tun zuwanta. Yarinyar ta sauke waya tana leƙe. Can ta taso ta zo kusa da ni, ta raɗa mini da Turanci cewa Gwaggo a juye take karantawa.

"Hannuna da aiki," na ce da Hausa. "Faɗa mata."

Ta ce in faɗa mata mana. Na ci gaba da kwance fitila. Ta tsaya tana kallon yatsan Yaya yana tafiya baya-baya, kuma na san halinta, ba ta iya ganin abu a karkace ta ƙyale. Ta je ta kama yatsan ta ɗauke shi ta ajiye a hagu.

"Gwaggo, nan. Nan ne farko."

Yaya ba ta nuna ta ji wani abin mamaki ba. "In ji wa?"

"Kowa."

"Kowa bai zo ya gaya mini ba. To ba ni labarin naku in ji, Uwata."

Ta bayar. Hausar tana tuntuɓe, yaro ya zama "ta", uba ya zama "ita", inda kalma ta ɓace ta cike da hannu. Yaya ba ta gyara mata ko ɗaya ba, sai "uhm, sai kuma me?" Da suka kai faranti Yaya ta ce ga tuwon.

"Ba tuwo ba. Dankali."

"Dankali da tudu haka? Wa ya tuƙa shi?"

"An daka shi."

"To ai sakwara ke nan. Ci gaba."

Ta ci gaba har gidan ƙarshe, ta nuna silifa, ta ce, "Shi ke nan. Ya ƙare."

"A nan ya ƙare? Da dukan?"

"Eh."

"Abincin fa?"

"Bai ci ba."

Yaya ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Auta, ka san da haka?"

"Ranar Talata na sani, Yaya."

Ta mayar da ido kan shafin, ta bi layin da yatsa ta wannan gefen, ta sake bi ta wancan. Mace ce da ta haura sittin, an nuna mata a gaban ƙaninta cewa ƙaramar yarinya ta fi ta sanin inda ake fara karatu. Na ajiye sukudireba ina neman abin faɗa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya take yi.

"Shekara da shekaru ina ciyar da yaron nan," ta ce tana share ido, "ashe iyayensa da yunwa suke kwantar da shi."

Yarinyar ta fahimci wannan ba tare da ni ba, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Suka yi yarjejeniya a tsakaninsu: kowane shafi sau biyu za a karanta, ita ta fara da na Turawa, Gwaggo ta rufe da nata, don yaro ya samu ya ci abinci. Har aka kira la'asar a wayata ba su kai rabin littafin ba.

Da yamma Yaya ta tambaye ni ko shi ke nan guda ɗaya. Na ce kwali ne cike.

"To kada ka dami masu jirgi," ta ce. "A bar ranar yadda take."

Washegari ta jiƙa wake, ta sa yarinyar ta koyi surfe da hannu, suka soya ƙosai. Na shigo na same su a teburin kicin, faranti a tsakiya, littafi a buɗe, kowacce tana nuna nata gefen da yatsa mai maiƙo. Tabon mai ya riga ya zauna a kan hular ɗan sandan, ya ratsa har shafi na gaba. Idona na dillali ya gani nan take cewa littafin ya tashi daga kayan sayarwa, babu mai tara irinsu da zai karɓe shi a haka. Na jawo kujera na ɗauki ƙosai ɗaya.

Yaya ta zauna har ƙarshen damina. Da za ta tafi suka raba littattafan, rabi ya bi ta Jos, rabi yana nan a kan kanta a falo. Ranar Lahadi sukan yi waya ta bidiyo, kowacce ta ɗaga shafinta ga kyamara, kuma daga gareji ina jiyo su suna gardama a kan wanda zai fara.