Na Koya Musu Bin Diddigi, Suka Bi Nawa

Edita, ina yi miki sallama. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Lokacin da abin ya faru ni budurwa ce da ta gama sakandare, 'yar mai sayar da atamfa da shadda a cikin garin Daura, gidanmu ba nisa da rijiyar Kusugu. Baba mutum ne mai tsauri, amma ba mugu ba. Sai da Umma da yayarsa suka yi ta lallaɓa shi kafin ya yarda in tafi Katsina karatun jinya, da sharaɗin kada ya ji wata magana a kaina kafin tafiya. Ni kuwa baki gare ni, Allah ya sani. Gara in kwana da yunwa da a kayar da ni a musu.

A zaman jiran nan na kamu da wani gem, wasan waya. Labarin wani birni ne a kan dutse, gada ɗaya tak ke kai mutum cikinsa. Ranar da yaƙi ya ɓarke, maƙerin sarauniya ya karya gadar, ya bar rundunar birnin a ƙetare aka gama da su. Gem ɗin bai taɓa faɗin dalili ba, sai dai ya watsa 'yan alamu nan da can. Na ji labarin samarin garinmu suna da guruf na hira a waya da ba abin da ake yi a ciki sai musu kan wannan maƙeri, amma ba sa saka mata. Haba, sai na ga wannan ai ba abin da zai tsayar da ni ba ne. Na sayi wani layi, na sa sunan namiji da hoton doki, aka saka ni.

Kafin wata ya zagayo na zama gwanin guruf. Akwai wani da ya girme mu duka, shi ya buɗe guruf ɗin, kowa na ce masa shugaba. Shi a ganinsa aljanun da ke yaƙar birnin ne suka saye maƙerin, maci amana ne kawai. Ni na ce sarauniyar ce ta ba shi umarni, don annoba ta riga ta shiga rundunar, shi kuma ya ɗauki laifin a kansa. Na nuna musu hatimin sarauniya da ke rataye bayan ƙofar maƙera, da ƙaramin takalmi a ƙarƙashin uwar maƙera, alamar ɗansa ma yana ƙetaren. Kullum ina gaya musu su daina sauraren abin da mutum ya faɗa, su duba abin da ke bayansa da lokacin da ya yi shiru. Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma da shugaba ya dage, sai na yi masa wankin babban bargo a gaban kowa, na ce da babban yatsa yake buga gem ba da kai ba. Yara suka tuntsire, har aka yi sitika da maganar, duk sanda ya yi rubutu sai a tura masa.

Kwana biyu ya ɓace daga guruf. Da ya dawo sai ya ce ya haƙura da maƙeri, yanzu akwai wani ɓoyayyen labari da ya fi daɗi, wato ni. Ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa jin muryata. Ya ce ban taɓa zuwa gidan kallon ƙwallo inda suke haɗuwa ba, kuma kullum ina ɓacewa daidai lokacin ɗora tukunyar tuwo. Na maida abin wasa. Ashe ya adana duk hotunan fuskar waya da na taɓa turawa. A saman ɗaya akwai saƙon da ya shigo daga guruf ɗin Islamiyyar mata, ban lura ba na tura. Wani yaro ya tuna na taɓa ƙorafin hayaniyar baƙin da ke zuwa Kusugu. Wani ya ƙara girman hoton da na ɗauka a tsakar gida, ya gano atamfofi a jere cikin leda. Wallahi ba mugunta ce ta sa su ba, daɗi suke ji, irin daɗin da muke ji in mun gano wani abu a gem. Ina kallo suna matsowa unguwarmu layi bayan layi, ni da na koya musu.

Ranar Laraba shugaba ya yi mini magana ta gefe, ya kira ni da sunana na gaskiya, ya haɗa da sunan Baba. Na ba shi haƙuri, na ce zan rubuta a guruf cewa shi ne da gaskiya kan maƙerin, zan fita, ba zai sake jin ɗuriyata ba. Ya ce ai an wuce wurin. Ya ce bayan sallar Juma'a zai je shagon Baba ya gaishe shi, ya nuna masa yadda 'yarsa ke zagin maza da sunan namiji. Abinci ya gagare ni. Umma tana lissafa mini kayan da za a sa a akwati, ni ina jin kamar in fasa ihu. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ɗauka shi ne.

Da safiyar Juma'a, Baba yana shan kunu, na durƙusa a gabansa na miƙa masa wayar. Na faɗa masa komai ina kuka, tun daga layin da na saya har zuwa maganar babban yatsa. Ya daɗe yana gungura rubutun, bai ɗago ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sa wayar a aljihu ya fita.

Yayana da ke tsare shago tare da shi ne ya ba mu labarin abin da ya biyo baya. Mutumin ya zo kuwa, da farar shadda da wayarsa a hannu. Baba bai bari ya buɗe ta ba. Ya tambaye shi ɗan wane ne, sannan ya ce ya riga ya san abin da ya kawo shi. In aure yake nema ya turo magabatansa, in kuma ba shi ba, ya faɗa a gaban maƙwabtan shago me ya haɗa ƙato da binciken gidan da 'yar mutane take kwana. Yaya ya ce mutumin ya yi tsuru-tsuru, da ƙyar ya gane inda ya ajiye babur ɗinsa.

Har na fara ajiyar zuciya, na ɗauka na tsira. Bayan la'asar Baba ya kira ni. Ya ce ba gem ɗin ne ya dame shi ba, shirmen yara ne. Abin da ya tsaya masa shi ne wadda ta iya zama cikin gidansa wata da watanni da suna biyu bai sani ba, me za ta iya in ta yi nisa. Ya ce a sauke akwatin. Umma ta roƙa, gwaggo ta zo har gida ta roƙa, ya ce ya gama magana. Ƙawayena suka tafi ban da ni. Yanzu sun kusa gamawa, ni ina nan ina koyon ɗinki a unguwa, ina jiran ranar da zai sake kallona yadda yake yi a da.

Na ga laifin mutumin nan, ban kuma yafe masa ba tukuna, amma ni na ari sunan, ni kuma na tozarta shi saboda maƙerin da babu shi a duniya. 'Yan'uwana masu musu a waya, ku yi musunku, akwai daɗi. Amma wanda kuke kayarwa mutum ne mai zuciya, kuma duk hoton da kuka tura yana ɗauke da wani abu na gidanku. Ni na ci musun, kowa a guruf ya yarda maƙerin ba maci amana ba ne, amma a gidanmu har yau ba a yarda da ni ba.