Baƙuwar da Gaisuwa Ta Kora

Ƙauyenmu yana bayan Kwoi, inda kunyoyin citta suke bin gangare har bakin rafi. Ina aji uku a firamare a lokacin, 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa. Babana malamin makaranta ne, kuma dattijo a majami'a, ba a musu da shi a waje. Amma a cikin gida, da zarar an ci tuwon acca an kwashe kwanuka, sarauta ta koma hannun uwarsa, Kaka Ladi.

Kaka ba ta yin tatsuniya a tsakar gida, wai sanyin ƙasa yana shiga gwiwarta. A ɗakin girki take zama, dab da murhu, tana juya gwaza a cikin toka da guntun kara. Mu kuma mu kewaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye, ba mai tashi. Da yarenmu take farawa, sai ta zarce da Hausa saboda 'ya'yan baƙin malamai da ke zuwa sauraro. Hausarta ba ta san mace da namiji ba, kowa "ya" ne a wurinta, har kaza mai ƙwai. In mun yi dariya sai ta ce, "Ku da kun je makaranta ku gyara. Ni labari na ke ba ku."

A daminar da nake tunawa, kurkunu ya addabi ƙauyen, wato tsutsar nan mai kama da farin zare da ke huda ƙafa ta fito. Wadda ya fi kayarwa ita ce maƙwabciyarmu Asabe, 'yar Godogodo da aure ya kawo. Mijinta Dauda ya tafi soja bai dawo ba. Kafin ya tafi sun yi faɗa da babana a kan iyakar gona, saboda wata bishiyar ɗorawa da kowa ke cewa a nasa gefen take. Dauda ya mutu, faɗan bai mutu ba. Danga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, amma ko gaisuwa ba ta tsallaka ta.

Kurkunu ya kama Asabe ƙafa biyu daidai lokacin shuka. Kowa ya fita gona, tata gonar ciyawa ta rufe, irin cittarta yana ɗaki yana tsiro a banza. 'Yarta Rifkatu, wadda muke benci ɗaya, ta daina zuwa makaranta, ita ce ɗiban ruwa, ita ce girki wa ƙannenta. Ko a ƙuruciyata na san abin da hakan ke nufi. Gidan da bai shuka citta ba, ba shi da abin sayarwa da kaka, ba shi da abin riƙe yara a makaranta.

Wata yamma ana yayyafi, babana ya shigo ɗakin girki da fartanyarsa zai gasa ƙota a wuta. Kaka ta dube shi ta gefen ido, ta gyara zama.

"Ga wani ya taho da ƙafan shi," in ji ta, yadda take buɗe tatsuniya kullum.

"Ya shigo mu ba shi wuri!" muka amsa.

Ta ce wai a da, Cuta mace ce matafiyiya, tana yawo gari gari da ƙunshin kayanta a ka tana neman masauki. Ba ta neman abinci mai daɗi, ba ta neman gado mai taushi. Abu ɗaya take so, ɗaki mai shiru. Ta isa wani gari inda kowa ya ja dangarsa ta wuce tsawon mutum, kowa da hanyarsa ta zuwa rafi don kada ya haɗu da wani. Ta shiga gidan farko ta sauke kaya. Ta kwana, ta wuni, ba wanda ya leƙo. Sai da ta cinye mutanen gidan sarai, ta koma na gaba. Haka ta bi garin har ya zama kufai, ita kuwa ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace.

Daga nan ta gangara wani ƙaramin gari, na talakawa, dangoginsu duk sun ɓule. Ta shiga ɗakin wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma. Gari bai gama wayewa ba sai ga sallama: "Iya, yau ba mu ji tarinki a bakin ƙofa ba, lafiya?" Wannan ta fita, wata ta shigo da kunu. Wata ta zo da tsintsiya ta share har ƙarƙashin inda Cuta ke kwance. Wani ya kawo saiwa aka dafa, yara suka cika randa da ruwa mai kyau. Cuta ta ja kayanta ta koma gidan maharbi, nan ma haka. Ta gwada gidan maƙeri, ai nan har da waƙa aka zo yi masa.

A nan Kaka ta maƙale murya, ta kama ƙugu tana kwaikwayon Cuta: "Kai! Wannan gari ba su da kunya! Baƙo ya zo, ba za a bar shi ya yi barci ba? Sannu, sannu, sannu, kai na ya fashe!" Muka faɗi ƙasa don dariya. Ta ce Cuta ta rame, zaninta yana zamewa, ta ɗauki ƙunshinta ta bar garin da gudu ko sallama babu.

"Nan na ajiye shi," in ji Kaka. "Wanda ya fi ni ƙarfi ya ɗauka."

Ƙanena Bitrus, wanda ba ya barin magana ta wuce, ya ce, "Kaka, to yanzu ina Cuta take?"

Ta ciro gwaza ɗaya, ta hure tokar, ta ɓare a hankali.

"Yana kusa. Ya samu ɗaki mai shiru a bayan dangan mu."

Dariya ta ɗauke. Babana ya ɗago kai.

"Mama, da ni kike?"

"Ni da yara na ke, Malam. Kai ƙota ka ke gyara."

Ya tashi ya fita cikin yayyafin, ya ma manta fartanyar a bakin wuta.

Ranar Lahadi bayan sujada, fasto ya tambaya ko akwai mai sanarwa. Babana ya miƙe. Na ga yana murza hularsa a hannu, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce yana roƙon gayya a gonar marigayi Dauda, kuma shi zai fara sa fartanya. Mutane suka dubi juna, don ba wanda bai san faɗan ba. Sai wata daga cikin matan zumunta ta ɗaga waƙa, saura suka kama.

Aka yi gayyar kuwa. Maza suna huɗa, mata suna binne irin citta, mu yara muna jan ganye ana rufe kunya. Mamata ta dama kunun da ya cika tukwane. Kaka ta dogara sandarta ta bi ta wata kafa a danga, ta zauna wurin Asabe tana naɗe mata tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, don in ta tsinke ƙafa kumbura take yi. Da rana ta yi, aka ɗauko Asabe a keke don ta ga gonarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, maganar iyakar fa?"

"Bari citta ta fito tukuna, Asabe," in ji babana. "Iyaka ba ta gudu."

Ban sake jin an tayar da maganar ba. Ɗorawar kuwa, gidajen biyu suka riƙa cin kalwarta. Rifkatu ta dawo benci.

Abin bai tsaya nan ba. Mutanen da suka yi gumi tare sun ji daɗin junansu. Da malamin asibiti ya zo daga Kwoi a kan babur ya ce kurkunu daga ruwan kududdufi yake, aka saurare shi. Mata suka fara tace ruwa da ƙyalle. Da rani ya yi, aka sake kiran gayya aka haƙa rijiya a gaban makaranta, aka ɗaure bakinta da siminti. Kafin in gama firamare, sai ka nema kafin ka ga mai ɗingishin kurkunu a ƙauyen.

Na girma na zama nas, na yi aikina a Kafanchan har na yi ritaya. Na koyi cewa sannu ba ta kashe ƙwayar cuta, sai magani da rigakafi da ruwa mai tsabta. Amma na lura da wani abu da ba a koya mana a aji ba. Waɗanda ake kawo mana bayan lokaci ya ƙure, yawancinsu ba rashin asibiti a kusa ne ya kashe su ba. Ba wanda ya lura sun kwanta ne. Duk sa'ad da aka shigo da irin wannan, sai in ji muryar Kaka.

Yanzu a Sabon Tasha nake zaune, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Mu matan layinmu mun ɗauki al'adar fitowa ranar Asabar mu kwashe kwata, mu tuna wa masu jego ranar rigakafi, mu tambayi wanda ba a gani ba. Kwanakin baya na lura babur ɗin wani saurayi ɗan acaɓa, sabon ɗan haya, bai motsa daga inda yake ajiye shi ba. Na buga ƙofarsa. Da ƙyar ya buɗe, jikinsa kamar garwashi.

"Mama, wa ya aiko ki?" ya ce.

"Ba kowa, ɗana. Sa rigarka mu tafi."

Maƙwabta suka kama aka kai shi asibiti, ya warke. Yau shi ke kai tsofaffin layinmu awon jini a babur ɗinsa, kuma ba a taɓa roƙonsa ba. Ina fatan mu sami famfo, ina fatan ƙaramin asibitinmu ya daina rasa magani, kuma na yarda za mu samu. Kafin nan, abin da nake roƙa wa unguwarmu ba shi da tsada: kada rana ta faɗi a kan mai ciwo ba a buga masa ƙofa ba.