Tsohon Da Ya Zo Neman Zama Gawa

Shekarun baya, lokacin ina da gashi a ka da kuma lokacin ɓatawa, muna da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, mu samarin Hausawa haifaffun Makka. Duk hutun zafi mukan kama hayar istiraha a Ka'akiyya, irin gidan nan mai fili da ake biki a ciki, mu kafa dandamalin katako mu yi wasanni uku a jere. Akwai na barkwanci, akwai na waƙe da ake yi da mandiri, sai na ƙarshe mai nauyi, wanda tsofaffi ke zuwa dominsa. Ni aikina zaɓen 'yan wasa. Kada ku ɗauka gwaninta ce ta ba ni. Sau ɗaya aka ɗora ni a dandamali na manta ko sallama, shi ne aka ce in koma gefe in riƙa zaɓo waɗanda suka fi ni, wato kowa.

A shekarar da nake ba ku labari, wasan ƙarshen a kan kakanninmu ne da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa. Madugun ayari yana hango duwatsun Makka sai rai ya yi halinsa, mutum huɗu su ɗauko shi a makara su shigo da shi garin da ya yi shekaru yana nufa. Abokina na ba madugun, ya kuma iya. Amma da aka zo maganar makara sai ya ja ya tsaya.

“Ya shek, zan mutu maka duk yadda kake so,” in ji shi. “Likkafani ne dai la, ba zan shiga ba. Ummi ta rantse in na shiga makara kada in dawo mata gida.”

Muka cusa matasan kai a cikin farin ƙyalle. Ana ɗaga makarar sai ga gawa tana tsalle kamar buhun auduga, masu ɗauka suna ƙyalƙyala dariya. Na bi samarin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi wata suna roƙona in ba su ko da fitowar mai riƙe raƙumi ce. Kowa ya ce a kai kasuwa. Da na kai wa mahaifiyata kuka, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsinken shinkafar da take yi. Ta ce, “Kai dai ba ka da aikin yi. Makara ba ta san wasa ba. Wanda ya hau ta da ransa, ai ta gane shi ke nan.”

Wata rana bayan la'asar muna gwada muryoyin masu waƙe, sai wani tsoho ya yi sallama a ƙofa. Dogo ne, siriri, jallabiyarsa ta koɗe da wanki. Hausarsa irin ta yamma ce, wadda tun rasuwar kakata ban ƙara jin irinta ba.

“Nan aka biɗar gawa?”

Na ce, “Baba, wasa ne fa muke yi.”

Ya ce ya sani, a masallaci ya ji ana maganar. Bai jira na ce komai ba ya cire takalmansa ya jera, ya hau makarar nan ya kwanta, ya miƙe hannuwa, ya rufe ido.

Jama'a, na ga gawa a rayuwata. Wanda ya tashi a Makka ba a ba shi labarin gawa, kusan kowace sallah sai an shigo da su Harami. To abin da na gani a kan katakon nan gawa ce. Haɓarsa ta saki, hancinsa ya tsaya, ƙirjinsa ba ya motsi. Ƙuda ya sauka a gefen idonsa ya yi ta yawo. Na'urar sanyin ɗakin na ta gurnani amma ni gumi nake. Abokina ya lallaɓa ya taɓa ƙafarsa, ya janye hannu da sauri ya dube ni. Ni har na fara tunanin abin da zan gaya wa shurɗa, wato 'yan sanda. Can sai tsohon ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Na ci?”

Ina zan ce bai ci ba?

Kuɗi bai karɓa ba, amma ya kafa sharuɗɗa. Masu ɗaukarsa huɗu, ba za a canza ko ɗaya ba har a gama. Shi ya zaɓe su da kansa, ya tsallake ƙarfafa ya nuna ni, da abokina tunda shi madugu ya riga ya mutu ya koma bayan labule, da wasu 'yan'uwa biyu wa da ƙani. Kowa sai da ya tambaye shi, “Nan anka haife ka? Takardunka lafiya lau?” Sannan kafin a rufe masa fuska, dole mu huɗun mu tsaya mu dube ta da kyau. Ya koya mana sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, ya riƙa sa mu maimaitawa kamar 'yan makarantar allo. Rannan har ya ɗaga jallabiya ya nuna mana wani tsohon tabon ƙuna a ƙaurinsa na hagu, ya ce mu riƙe shi a zuci. Muka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. A bayan idonsa muna dariya, amma ba mai yarda ya zauna shi kaɗai da shi a ɗaki.

Ana haka mahaifin abokina ya yi baƙo daga gida, wani dattijo da ya zo umara, aka kawo shi ya ga gwajinmu. Yana zaune yana shan shayi har muka zo wurin duba fuska. Ya leƙo. Sai kofin ya suɓuce masa. Ya ja ni waje yana salati.

“Yaro, ina kuka samo mutumin nan? Mutumin nan ya mutu. Garinmu ɗaya. Ya tafi aikin hajji bai dawo ba, ni da kaina na tsaya a sahu aka yi masa sallar ga'ibi. An yi sadakar uku, an yi ta arba'in.”

Ranar ban iya cin abinci ba. Mahaifiyata ta ji labari, ta ce in na ƙara taka istirahar nan da ni da ita ne. Ni kuma da tsoro da son jin ƙwaƙwaf suka haɗu suka hana ni zama. Washegari da rana tsaka, don in tabbatar akwai haske da mutane, na hau tasi zuwa Hindawiyya, unguwar da aka ce yana zaune, na yi ta tambaya, har wani mai tsire ya nuna min bene. Ɗakinsa a can saman rufi yake. Tabarma, buta, da wani farin ƙulli a rataye a ƙusa. Ya ga ina kallonsa, ya ce likkafaninsa ne, tuni ya wanke shi da zamzam.

Na gaya masa abin da baƙon ya ce. Ya yi murmushi ya ce gaskiya mutumin ya faɗa. Ciwo ne ya kayar da shi a aikin hajji, bai san inda kansa yake ba, jakarsa ta ɓace, abokan tafiya suka neme shi suka gaji suka koma da labarin ya rasu. Kafin ya warke ya sami mai kai saƙo, matarsa ta fita takaba ta yi aure, har da goyo. “Sai in koma in tada musu hankali? Na ce bari mamaci ya zauna inda anka aje shi.”

Na ce to me ya kawo shi wasanmu. Ya nuna min ɗaya gefen ɗakin, inda shatin wata tabarma ya rage a ƙasa. Ya ce ta abokin zamansa ce, shi ma ba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ya faɗi a hanya, motar asibiti ta ɗauke shi, ya cika a can. Ya yi watanni a talaja, wato firjin ajiye gawa, ana jiran wanda zai zo ya ce ya san shi. Duk waɗanda suka san shi ba su da takarda, ba mai iya tunkarar ƙofar.

“Ni ma ban je ba, ɗana. Kullum sai in je bakin asibitin in tsaya tsallaken hanya in dawo. Mutuwa ba ta ba ni tsoro, ita ta zaunar da ni garin ga. Sanyin nan nika tsoro. Ku kuna da takardu. Ku kuna iya shiga ku ce kun san ni.”

Wallahi da aljani ne ya fi min sauƙi. Na zauna a tabarmar nan, kunya ta rufe ni saboda dariyar da muka yi ta yi masa. Da zan tafi na bar wa mai tsiren lambar wayata.

Na gaya wa sauran ukun. Daga ranar ba wanda ya ƙara dariya a wurin duba fuska. Mahaifiyata ma da ta ji, sai na ga ta fara ƙulla abinci a kwano tana cewa in kai wa “gawar taku”.

Ranar wasa kuwa, da muka fito da makarar an lulluɓe ta da alkyabba kamar yadda ake yi wa maza a nan, dattawan layin gaba suka miƙe tsaye da kansu. Daga ɓangaren mata aka fara shessheka. Wani ya manta wasa ne ya ɗaga murya yana cewa a yi wa mamaci addu'a, aka kuwa yi, aka shafa. Ina ɗauke da kusurwar dama ta gaba, na ji makarar tana ɗan girgiza a kafaɗata. Tsohon ne yake kuka a cikin likkafanin.

Bayan nan ƙungiyar ba ta yi nisa ba. Aure da aiki suka ɗebe mu, ni na koma unguwar Shisha. Nakan leƙa shi jefi-jefi, wani lokaci abokina ya je. Sai wata safiya mai tsiren ya kira ni, ya ce Baba ya fita sallar asuba kwana biyu ke nan bai dawo ba, an ce an ga motar asibiti a bakin masallaci.

Na kira sauran. Wa da ƙanin suka ce ga su nan. Abokina ne ya fara ja da baya. Lokacin ya sami aikin gwamnati, ya ce, “In aka tambaye mu yadda aka yi muka san shi fa? Ka san ba iƙama gare shi ba.” Na ce na sani, amma ni dai zan je. Na kashe waya ina jin haushinsa. Muna isa asibitin farko na tarar da shi a bakin ƙofa ya riga mu zuwa, yana ta zufa, ya ce, “Yalla, mu shiga kafin in canza ra'ayi.”

Sai a asibiti na uku aka ce akwai wanda ba a san ko waye ba. Ma'aikacin ya kai mu wani ɗaki mai sanyin da yake shiga haƙori, ya tambaye mu da Larabci mu su waye a wurinsa. 'Ya'ya? Muka ce a'a. Dangi? A'a. Ƙanin nan ne ya ce, “Mu ne masu ɗaukarsa.” Mutumin ya dube mu ya girgiza kai, ya jawo akwatin.

Shi ne. Abin da har yau ban gane ba, a kan dandamali ya fi kama da gawa. A nan kamar barci yake, bakinsa a ɗan buɗe, sai ka ce yanzu zai yi tari. Muka faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, mu huɗu baki ɗaya, ba wanda ya yi tuntuɓe. An yi mana tambayoyi, an yi ta aika mu daga wannan ofis zuwa wancan, mun sa hannu har mun gaji, amma ba abin da aka yi mana. Bai daɗe a sanyin nan ba. Aka wanke shi, aka sa masa likkafaninsa na kansa, aka sallace shi a Harami bayan azahar, muka kai shi.

Mahaifiyata ce ta ce a gidanta za a yi zaman makoki. Ta shimfiɗa darduma, ta dafa gahawa. Maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu, ta ce, “Ɗan'uwanmu ne,” ba ta ƙara ko kalma ba. Garinsu kuwa ba mu aika ba, domin ya hana.

Na zaɓi 'yan wasa da yawa a zamanina, ina hura hanci wai na iya karanta fuska. Sai daga baya na gane a wannan shekarar ba ni na yi zaɓe ba, mu aka zo aka zaɓa, aka gwada mu, aka horar da mu, ba mu sani ba. Tsoron da na ji ranar da ya fara kwanciya ya wuce tuni. Wanda bai wuce ba shi ne na ɗakin sanyin nan, don lokacin da ma'aikacin ya jawo akwatinsa na ga akwai wasu a jere a gefensa. Na tambaya ko su ma ana jiran masu zuwa ne. Ya ce eh, wasu tun bara.