Furfurar da ta jira maigidana

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa aka kulle gari, mu masu aski mun ga ta kanmu. Mai shinkafa zai iya miƙo maka kaya daga nesa, mu kuwa sai mun kama kan mutum. Shaguna a rufe, har na koma yi wa yarana aski ba gaira ba dalili. Matata ce ta ƙwace kilifar askin, ta ce kan 'ya'yanta ba filin gwaji ba ne.

Ƙungiyarmu ta masu aski a unguwar Barkin Sale ta yi shawara ta waya, tunda an hana taro. Aka ce mu riƙa bin mutane gida, kilifa mai caji a jaka, takunkumi a fuska, mu goge kayan aiki a gaban mutum kafin mu taɓa shi. Dattawan cikinmu kuwa su zauna a gida, mu matasa mu raba kwastomominsu mu riƙe musu amana.

Maigidana, wanda ya koya mini aski, yana cikin dattawan. Mutumin Bida ne, ga ciwon suga, ga hannu ya fara rawa. Tun rasuwar matarsa shagonsa ne hirarsa, shi ne danginsa. Da na kai masa saƙon bai yi musu ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, kan da ya ɗanɗana hannun matashi ba ya komawa wurin tsoho. Kun dai yi mini ritaya ne da ladabi." Maganar nan ta soke ni, don na san akwai gaskiya a ciki.

Cikin waɗanda suka faɗo rabona akwai wani tsohon hedimasta a unguwar Fadikpe, mutumin kudancin Kaduna, wanda maigidana yake yi wa aski kowace Asabar saboda coci. Na je ina ji da kaina, yau zai ga askin zamani. Ya sa aka ba ni kujera da ruwa, ya tambayi jikin maigidana. Ina zaro kilifa sai ya ɗaga hannu.

"Mayar da abinka, ɗana. Wannan kai yana da mai shi."

Na ce Baba, ai ba wanda ya san ranar da za a buɗe gari. Ya ce, "Coci ma an rufe, wa zan yi wa gayu? Allah ya san ni, da suma ko ba suma." Ya kuma ja mini kunne kada in gaya wa maigidana, wai ya san halinsa, yana ji zai fito da ciwonsa.

Na yi ta komawa, yana sallamata da ruwan sanyi. Mama, matarsa, har bakin ƙofa take raka ni tana cewa in taimaka in lallashe shi, kansa ya zama gonar auduga.

Da aka sassauta kulle, ciyaman ɗinmu ya ce lokacin mayar da amana ya yi. Duk kwastoman dattijo da ya zo shagonka, ka nuna masa hanya. Amma mutum ba akuya ba ne da za ka ja shi da igiya, wasu sun saba da mu sun ƙi komawa.

Ranar da maigidana ya buɗe shago na je na share masa. Ya zo da kaftani a goge, ya zauna. Hantsi ya yi, ba kowa. Ya sa wa kilifa mai, ya goge, ya sake sa mata. Ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Sai ga Keke Napep ya tsaya. Hedimasta ya sauko da ƙyar, hula a can sama ta kasa zama. Ya shigo ya cire ta. Maigidana ya buɗe baki.

"Hedimasta! Me ya same ka?"

"Kai ka same ni. Tashi ka yi aikinka."

Maigidana ya yi dariya har hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Hannunsa na rawa, askin ya daɗe, hedimasta ya lumshe ido yana jira. Ni na share furfurar, kuma ranar na gode wa takunkumi da ya rufa mini asiri, don ni ma kukan nake.

Ƙungiya ta yi iya ƙoƙarinta, ta tsare mana abinci, ta tsare lafiyar dattawanmu. Amma a gane cewa har yanzu ana bukatarka, wannan ba a yanke shi a taro. Mutum ɗaya ne ya zauna da sumarsa ya ba maigidana wannan.

Da maigidana ya ajiye kilifa don kansa, shi ya kamo hannun hedimasta ya kawo shi shagona. Har yau in na gama sai hedimasta ya shafa kai, ya dubi madubi ya ce, "Ba laifi, ɗana. Amma da saura."